Babbar fanka ko ƙarama? Yadda ake zaɓar kular firosesa a ƙasar zafi

Ɗan yayata yana haɗa bidiyon biki, kuma bara ya tara kuɗi ya sayi sabuwar firosesa don aikin ya riƙa sauri. Wata rana da la'asar sai ga kiransa: "Kawu, na ɗaura komai, amma murfin ya ƙi rufuwa." Da na je na tarar da kwamfutar a kwance kan tabarma, ga wata ƙatuwar kula mai hasumiya biyu ta leƙo waje, kawunan bututunta sun ɗara bakin kesin, wato akwatin kwamfutar, da kusan faɗin yatsa. Kaya ne mai kyau, kuma ya biya kuɗi masu yawa. Abin da bai yi ba kawai shi ne ɗaukar rula kafin ya je kasuwa.

Da farko mu daidaita sunaye. Abin da masu gyara ke kira kula abu biyu ne a haɗe. Akwai ƙarfen da ke zama a kan firosesa yana zuƙe zafi, wato hitsink, sannan akwai fankar da ke hura iska ta cikinsa. A manyan kuloli za ka ga bututun jan ƙarfe huɗu ko shida sun taso daga gindi sun ratsa siraran faifan alminiyam da aka jera kamar shafukan littafi, jerin nan shi ake kira hasumiya. Cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe. Idan gindin ya yi zafi ruwan ya zama tururi ya hau sama, ya huce a tsakanin faifan, ya sake gangarowa. Aikin ke nan, dare da rana. Yawan faifan da faɗinsu shi ne yawan wurin da iska za ta taɓa ta kwashe zafi, shi ya sa girma yake da tasiri.

Mataki na farko: san zafin da firosesarka ke fitarwa

Kada ka fara da kula, fara da firosesa. Nemi cikakken sunanta, ka duba shafin Intel ko na AMD ka ga wat nawa take ci. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin lambar da aka fi bugawa, wadda ake kira TDP, ba ita ce iyakar abin da firosesar ke ja ba. Core i5-12400 an rubuta mata wat 65, amma idan aiki ya yi nauyi tana iya kaiwa wat 117. Core i5-13600K an rubuta 125, tana kaiwa 181. Core i7-13700K da i9-13900K su ma 125 ne a rubuce, amma suna hawa har 253. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 7600 mai 65 tana kaiwa 88, Ryzen 7 5800X mai 105 tana kaiwa 142, ita kuwa Ryzen 9 7950X mai 170 tana kaiwa 230. Kusan duk wutar da firosesa ta sha zafi take zama, don haka babbar lambar ce za ka riƙe a ka, ba ƙaramar ba.

Sannan ka tambayi kanka gaskiya: me nake yi da kwamfutar nan? Mai shagon buga takardu da cike fom a intanet, firosesarsa ba ta kai rabin ƙarfinta sai jefi-jefi. Mai wasan gem yana matsa wa katin girafik fiye da firosesa. Amma mai fitar da bidiyo, ko mai zanen gini da ke barin kwamfuta tana lissafi na awa guda, shi ne ke riƙe firosesa a ƙololuwa ba hutawa, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar ƙarfe mai yawa.

Akwai alama mai sauƙi da kamfanonin da kansu suka bayar. Firosesar da ta zo da kula a kwalinta, kamar i5-12400 ko Ryzen 5 5600 mai zuwa da Wraith Stealth, ana nufin ƙaramar kula za ta iya riƙe ta. Waɗanda ake sayarwa ba kula, irin na Intel masu harafin K a ƙarshe, kamfanin yana gaya maka ne ka nemo wadda ta fi ta kwali.

Mataki na biyu: ƙara zafin ɗakinka a lissafi

Wannan shi ne matakin da ya fi damuna, domin shi ne wanda ba za ka ji ba a yawancin bidiyon da ake gwada kuloli. Masu gwajin nan a Turai da Amurka suna aiki ne a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba. Kula kuwa ba firij ba ce, ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ɗauka ta hura wa ƙarfe, saboda haka ba za ta taɓa sauke firosesa ƙasa da zafin ɗakin ba, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka firosesa za ta ƙaru.

Ga yadda za ka fassara sakamakonsu zuwa naka. A ce ka ga an gwada wata kula a ɗaki mai digiri 22, firosesar ta tsaya a 75. Tazarar ita ce 53. Yanzu ɗauki 53 ɗin ka ɗora a kan zafin shagonka. Idan a Kano kake, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Damagaram, a watan Afrilu da zafin waje ke haura 40, shagon mai rufin kwano kuma ba esi, to a ce cikin yana 38. Sakamakon ya zama 91. Kular da Bature ya yaba da cewa tana da sauran fili, a wurinka tana dab da bango, domin yawancin firosesocin Intel na zamani suna fara rage gudu da kansu a digiri 100, Ryzen 7000 kuma yawanci a 95, 5800X a 90. Firosesar ba za ta ƙone ba, tana da dabarar kare kanta. Abin da zai faru shi ne ta ja birki, bidiyon da ya kamata ya fita a minti ashirin ya ja lokaci, fankar kuma ta yi ta kuka kamar injin markaɗe.

Saboda haka shawarata ga duk wanda ba ya aiki cikin esi ita ce ya hau mataki ɗaya sama da abin da aka ce ya isa. Inda aka ce ta kwali ta wadatar, sayi mai hasumiya ɗaya da fanka milimita 120. Inda aka ce hasumiya ɗaya, duba mai biyu. Ko mai esi ma ya tuna cewa ranar da aka ɗauke wuta aka koma janareta ko batir, esi ne abu na farko da ake kashewa, kwamfuta kuwa a bar ta tana aiki.

Mataki na uku: ɗauko rula

Wurare uku ake aunawa, kuma ko ɗaya ka tsallake zai iya mayar da kai kasuwa.

Tsayi shi ne na farko. Kowane kesin yana da iyakar tsayin kular da zai ɗauka, kuma masu ƙera shi suna rubutawa. Idan naka ba shi da suna ko takarda, kamar yawancin waɗanda ake samu a kasuwanninmu, buɗe murfin gefe, ka gitta sanda madaidaiciya a bakin kesin, ka auna daga saman firosesa zuwa sandar, sannan ka rage kamar milimita biyar don kada ƙarfe ya riƙa gogar murfi. Sai ka gwada da tsayin kulolin da aka sani: Noctua NH-D15 tana da milimita 165, DeepCool AK620 tana da 160, Cooler Master Hyper 212 EVO tana da 159, Thermalright Peerless Assassin 120 SE tana da 155. Idan fili bai kai haka ba, akwai masu fanka 92 irin NH-U9S mai tsayin 125, kuma ga ƙananan akwatuna akwai kwantattu irin NH-L9i da ba ta wuce milimita 37 ba.

Na biyu shi ne RAM. Kula mai hasumiya biyu tana da faɗi, fankarta ta gaba tana zama ne a saman ramukan RAM. NH-D15 da fankokinta biyu milimita 32 kawai take bari a ƙasa, alhali RAM mai fitilu irin G.Skill Trident Z RGB tsayinta 44 ne. Ana iya ɗaga fankar sama kaɗan don ta haye, amma duk abin da ka ɗaga ya ƙaru a kan tsayin kular, ka ga an koma matsalar murfi. Na uku, duba tazarar da ke tsakanin kular da ramin katin girafik, musamman idan madabod, wato babban allon da ake ɗaura komai a kansa, ƙarami ne, komai a cunkushe.

Sai batun soket, wato gurbin da firosesa ke zama a madabod, wanda shi ba aunawa ake yi ba, karantawa ake yi a jikin kwali. Ramukan ɗaure kula a soket ɗin Intel LGA1150, 1151 da 1200 tazararsu ɗaya ce, kula ɗaya tana hawa dukkansu. Amma LGA1700 da ya zo a 2021 ya canza tazarar da tsayin, sai da maɗaurin da aka yi dominsa. AMD ta fi sauƙi, domin AM5 da ya fito a 2022 yana karɓar yawancin kulolin AM4. Idan ta hannu za ka saya, zazzage ledar notika a gaban mai kaya ka tabbata maɗaurin soket ɗinka yana ciki. Kula ba maɗauri ƙarfen banza ce.

Shi ɗan yayata, kesin nasa 155 yake ɗauka da ƙyar. Muka auna kuɗin sabon kesin da asarar mayar da kular, muka ga gara a sayar da ita a sayi gajeruwa mai hasumiya biyu. Haka aka yi, murfi ya rufu.

Wani gargaɗi ga masu kwamfutocin ofis da aka riga aka yi amfani da su, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika Computer Village a Ikeja suna gangarowa arewa: waɗannan, musamman sirara, an ƙera musu kularsu ne daidai jikinsu. Sau da yawa wurin ɗaure ta daban ne, kuma Dell da yawa suna amfani da fulogin fanka mai fil biyar wanda ba irin na kasuwa ba ne. Kada ka ɓata kuɗi kan ƙatuwar kula a nan. Firosesocinsu irin i5-6500 wat 65 ne, wasu masu harafin T ma 35. Share ƙura da sabon man firosesa, wato man da ake shafawa tsakanin firosesa da gindin kula, shi ne maganinsu, idan kuma fankar ta mutu a nemo irinta sak.

Mataki na huɗu: girman fankar kanta

Fankokin kwamfuta sun fi zuwa a milimita 80, 92, 120 da 140. A ido bambancin 92 da 120 ba shi da yawa, amma iska ta fili take bi, ba ta tsawon gefe ba. Fanka 120 ta fi 92 fili da kusan kashi saba'in cikin ɗari, ta kuma ninka 80 fiye da sau biyu. Ita 140 ta fi 120 da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ma'anar wannan ita ce babbar fanka tana tura iskar da ake so tana juyawa a hankali, ƙarama kuwa sai ta yi gudu sosai kafin ta kamo ta. Siririyar fankar da ke kan NH-L9i tana kaiwa juyi 2500 a minti, manyan fankokin NH-D15 kuma iyakarsu 1500. Gudun nan shi ne ƙara, kuma ƙarar ƙaramar fanka siririya ce mai shiga kunne, ta babba kuwa kamar hucin iska take. Duk wanda ke naɗar murya ko karatu a ɗakin da kwamfutar take zai gane bambancin tun daren farko.

To amma kada a ɗauka babbar fanka kaɗai za ta gyara komai. Idan ka ɗaura 140 a kan hitsink da aka yi don 92, rabin iskar gefe za ta bi ta wuce. Kuma ƙarfen ne ke ɗaukar zafi, fanka kora kawai take yi, shi ya sa ƙara fanka ta biyu a kan hasumiya ɗaya yawanci digiri kaɗan yake ragewa. Idan fankar tsohuwar kula za ka canza ba ka san girmanta ba, auna tsakanin ramukan noti biyu na gefe ɗaya: milimita 71.5 na nufin 80 ce, 82.5 na nufin 92, 105 na nufin 120, 124.5 kuma 140.

Duba fulogi. Mai fil huɗu, wadda ake kira PWM, ita ce madabod ke iya sarrafa gudunta daki-daki, ta yi shiru lokacin da ba aiki, ta tashi idan zafi ya tashi. Ita nake ba da shawara a kan firosesa. Duba kuma irin boris ɗinta, domin masu araha na nau'in sleeve man cikinsu yana saurin bushewa a zafi, sai ka ji ta fara gurnani. Masu ƙwallo biyu ko nau'in fluid dynamic sun fi jure wahala. Su kuwa fitilu masu launi, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ba sa rage ko digiri ɗaya.

Inda ƙarama ta fi, da inda girma ya daina amfani

Ba kowa ne ke buƙatar hasumiya biyu ba, kuma ba na so a karanta wannan a ɗauka haka nake nufi. Daidai ruwa daidai tsaki. Firosesa mai wat 65 da ke aikin ofis, ko ka ɗora mata kula mafi tsada a duniya, Word ba zai buɗe da sauri ba. Kuɗin gara su tafi ga SSD ko ƙarin RAM. Haka kuma wasu firosesocin, musamman Ryzen 7000, zafinsu yana taruwa ne a ɗan ƙanƙanin wuri ƙarƙashin murfi mai kauri, kuma an tsara su su yi ta ƙara gudu har su kusanci 95. Za ka iya sa babbar kula ka ga lambar ba ta sauka sosai ba. Ribar tana cikin gudun da firosesar ta riƙe da kuma raguwar ƙara.

Nauyi ma abin dubawa ne. NH-D15 da fankokinta ta haura kilo ɗaya da gram ɗari uku, kuma a rataye take a jikin madabod. A kan tebur ba matsala. Amma mai ɗaukar kwamfuta a bayan mota ko a-daidaita-sahu zuwa wurin taro, a hanyar da ramuka suka cinye, kowane tsalle jijjiga soket yake yi. Irin wannan mutum matsakaiciya ta fi masa. Idan tafiyar ta zama dole, a kwantar da kesin yadda madabod zai kasance a ƙasa, kular tana kallon sama, ko a kwance ta gaba ɗaya idan tafiyar mai nisa ce.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko kwabo: rage wutar da firosesa ke sha daga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga idan an kunna kwamfuta. AMD tana da Eco Mode, a Intel kuma ana sauke iyakokin da ake kira PL1 da PL2. Manyan firosesoci suna ƙona wuta mai yawa ne don samun ɗan ƙarin gudu na ƙarshe, saboda haka idan ka datse saman, zafi yana sauka sosai, gudun da ka rasa kuma kaɗan ne. Ga mai aiki da sola da inbata wannan riba biyu ce.

Kular ruwa fa? Tana da lagireto kamar na mota, mai girman milimita 240, 280 ko 360, da ɗan famfo a kan firosesa. Ga firosesar da ke haura wat 200 tana aiki ba tsayawa, mai 360 tana da amfani idan kesin zai ɗauka. Amma ita ma iskar ɗaki ce ke sanyaya lagireton, lissafin mataki na biyu bai canza ba. Famfon yana iya mutuwa, ruwan yana raguwa da shekaru, kuma ranar da ta tsaya sai dai a sayi sabuwa. Kular iska kuwa fanka ce kawai ke lalacewa a jikinta, ita kuma ko'ina ana samu. Mai lagireto 120 ba na ba kowa shawararta, kyakkyawar hasumiya ta fi ta.

Mataki na biyar: ɗaurawa da gwaji

Cire ledar da ke manne a gindin sabuwar kula. Na sha buɗe kwamfutar da ake kuka da zafinta in tarar da ledar nan tana nan daram. Idan tsohuwa za ka cire a kan AM4, kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, ka kashe, ka murɗa kular hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga, don idan ka fizga tana iya fitowa da firosesar a manne, fil-fil ɗinta su lanƙwashe. Goge tsohon mai da tsumma mai tsabta da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kada ka yarda a shafa maka man goge baki ko giris, bushewa suke yi. Ɗaure notika a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai fuskantarta, har su tsaya. Fankar ta hura iska daga gaban kesin zuwa baya, akwai ƙananan kibiyoyi a gefen yawancinsu da ke nuna hanya. Fulogin kuma ya shiga inda aka rubuta CPU_FAN.

Ka tabbata kesin kansa yana numfashi: aƙalla fanka ɗaya tana shigo da iska ta gaba, ɗaya tana fitarwa ta baya. Babbar kula a cikin rufaffen akwati iskar da ta riga ta yi zafi take ta juyawa.

Gwajin kuma kada ka yi shi da asuba. Bari sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ɗaki ya fi zafi, ka rufe murfi, ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafin firosesa, ka saki Cinebench R23, manhajar da ke matsa wa firosesa da aiki, ya yi minti goma. Idan firosesar ta tsaya ƙasa da 85 kuma ba ta nuna ta rage gudu ba, ka dace. Idan cikin daƙiƙu kaɗan ta buga ƙololuwa, yawanci ba girman kula ba ne, zama ne bai yi daidai ba, sai a kwance a sake ɗaurawa. Idan kuwa a hankali take hawa har ta kai, buɗe murfin gefe ka sake gwadawa: ta sauka sosai, kesin ne ba ya samun iska, ba ta sauka ba, kular ce ta yi kaɗan.

Saura ƙura. Bayan hunturu, idan ka zare fankar daga jikin hasumiya za ka ga ƙura ta yi kirtani a fuskar faifan, ja-ja, har ana iya ɓamɓaro ta da yatsa kamar auduga. Ta bayan fanka take taruwa, shi ya sa daga waje ba a ganinta. Kula mai faifai a matse ta fi saurin toshewa fiye da mai tazara, kuma ƙarama ta fi jin jiki domin ba ta da rarar fili. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka sa raga a inda iska ke shiga. Ni nakan busa tawa sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sannan in sake a ƙarshen Fabrairu kafin bazara ta kankama. Fitar da ita waje, ka cire wuta, ka danne fukafukan fanka da yatsa kafin ka sa bulowa, domin idan iska ta juya ta fiye da ƙima boris ɗin ne zai tafi.